Tudun Da Muka Daina Hawa

A kan teburin da nake karatu akwai wani ɗan dutse mai duhu-duhu, bai kai girman goro ba, kewayayye, kowace fuskarsa ta lotsa ciki kamar bakin ƙaramin turmi. Ɗaliban da ke shigowa neman sa hannu sukan ɗauke shi su jujjuya. Wasu su ce ɗan dara ne, wasu su ce tsohon dutsen ado ne da ba a kai ga huda shi ba. Idan na gaya musu cewa gaɓa ce ta ƙashin bayan kifin teku, sai su gyaɗa kai cikin ladabi, don a zatonsu malam ya je Legas ko wata ƙasar waje ya yo tsaraba. Idan kuwa na ƙara da cewa a jikin wani tudu na tsince shi kusa da Goronyo, inda teku mafi kusa ta fi nisan kilomita 700, a nan ne ofis ke yin tsit. Wani ɗalibi ɗan asalin yankin ya taɓa dubana, cikin girmamawa amma shakkarsa a fili, ya ce: "Malam, a Goronyon tamu?" Na ce ita fa. Ya ce to yaushe za a kai su su gani? Na buɗe baki, na rasa abin da zan ce masa.

Tarihi nake koyarwa, ba ilimin duwatsu ba. Na shafe shekaru ina yi wa ɗalibai bayanin garuruwan ribaɗi na Daular Usmaniyya daga littattafai, ina zana musu gulabe da hanyoyi a allo kamar wanda ya taka su da ƙafarsa. Wata rana a wurin shan shayi wani abokin aikina, masanin ƙasa da duwatsu, ya yi mini ba'a. Ya ce ku masu tarihi duniyarku daga 1804 ta fara, in kun yi ƙoƙari ku leƙa Gobir da Kabi, alhali ƙasar da kuke takawa ta ajiye nata labarin tun ba a yi mai karanta shi ba. Ya ce in ina son gani ya kori ji, in shirya mu je Taloka. Muka sa rana a hunturun farkon 2017. Ranar na ƙaratowa wani uzuri ya riƙe shi, sai ya jawo wata tsohuwar takarda ya zana mini jikin tudun a bayanta, hawa-hawa, kowane hawa da sunansa da launinsa. Da wannan takarda a aljihu na kama hanya ni kaɗai. A lokacin labarin 'yan bindiga na Zamfara muna jin sa ne kamar labarin wata ƙasa. Babu wanda ya ce mini kul.

Mai fita daga Sakkwato ya bi ta Achida ya nufi Goronyo, tafiya yake yi a gefen wani faffaɗan tudu da ke tsakanin gulabe biyu: Rima ta arewa, gulbin Sakkwato ta kudu, su biyun kuma suna haɗuwa kusa da birnin Shehu. Wurno na kan ɓangaren Rima, Rabah na kan ɗaya gulbin. Ban yarda na wuce Wurno ba tare da na ratse ba. Garin na zaune a gefen tudu yana leƙen fadama, fadamar kuwa a wannan watan kore shar take da albasa da tafarnuwa da alkama, har ƙamshinsu na iske mutum tun bai gangara ba. Na je na yi ziyara a hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837, na yi addu'a, sannan na fito bakin gari na tsaya inda ƙasa ta yanke ta sauka.

A tsaye a wurin ne na fahimci abin da na daɗe ina koyarwa ban gane shi sosai ba. Me zai sa mutumin da ya kafa Sakkwato da kansa ya bar ta a ƙarshen shekarun 1820, ya zo ya tare a bakin wannan tudu, ta fuskar da Gobirawa da Azbinawa ke kawo hari? Ribaɗi a ma'anarsa ta asali zaman dako ne a bakin iyaka, amma abin da Bello ya yi ya wuce girke mayaƙa. Gari yake ginawa mai ganuwa da masallaci da makaranta da kasuwa, ya raba gonaki, ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su kama noma su sa 'ya'yansu karatu, sannan ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kai. Haka aka yi a Gandi da Shinaka da Lajinge da wasunsu, kamar yadda Murray Last ya bayyana a littafinsa na 1967 kan daular. Yaƙin Gawakuke na 1836 ya karya lagon abokan gaba na ɗan lokaci, amma ba yaƙin ne ya riƙe ƙasar ba. A fahimtata, Bello ya gane cewa iyaka ba ta tsaruwa da wanda zai zo ya koma. Sai da wanda zai kwana a wurin, mai rumbu da rijiya da kabarin uba a can. Wurno ta zama wurin zaman sarakunan Musulmi da dama bayansa saboda wannan dalili, ba don ta fi Sakkwato daɗin iska ba.

Na isa Goronyo da la'asar, na sauka gidan wani tsohon ɗalibina. Shi ya samo mini ja-gora: wani dattijo manomi da ya haura sittin, siriri kamar kara, mai sanda da gorar ruwa da takalmin taya. Bayan mun gaisa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmana sababbi, ya ce: "Malam, mi kaka nema bisa tudu? Babu ruwa, babu inuwa, babu kowa sai iska." Na ce, Baba, gani kawai nake son yi. Ya yi dariya ya ce ai gani ba laifi ba ne, amma in rage shan shayi da safe.

Ana sallame Asuba muka fita. Sanyi na shiga ƙashi, hazo ya sauko har ba a ganin bishiyar da ke gaba sai an zo gindinta. Taloka ƙauye ne kusa da Goronyo, gindin tudun ma ba shi da nisa. Abin da ke da nisa shi ne inda dattijon ya ce za mu, wani ƙololuwa can ciki da makiyaya ke hawa su hango dabbobinsu. Muka ratsa gonakin gero da aka girbe, kara a kwance, ƙarangiya na maƙale wa wando, har ƙasa ta fara sauya a ƙarƙashin ƙafa. Rairayi ya ƙare, tsakuwa ta fara. Muka shiga wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa, mai aduwa a bakinsa, bangonsa ya fi tsayin mutum uku. A nan na ciro takardar abokina.

Alal haƙiƙa ban zaci zane zai dace da zahiri haka ba. Daga ƙasa dutse ne mai laushi, fari-fari da ratsin ja da ruwan toka, wanda in ka murza shi sai ya zama gari a yatsunka. Da muka ƙara hawa sai launi ya juya: laka ce busasshiya mai duhu da ɗorawa-ɗorawa, tana ɓarewa falle-falle kamar tsohon littafin da ruwa ya taɓa, a tsakaninta kuma wasu jijiyoyi masu sheƙi kamar fasasshen gilashi, wato jifsam ɗin da ake haɗawa a siminti. Can sama, kamar hula, marmara ce ja mai tauri, ita ce ta hana ruwan sama cinye tudun gaba ɗaya. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa waɗannan hawa-hawa sunayen garuruwanmu: na ƙasa Taloka, na tsakiya Dukamaje, na bisansu Wurno, su ukun kuma a haɗe Rukunin Rima. A wasu wuraren akwai na Dange da na Kalambaina a kansu, kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina shi ake ƙonawa a yi simintin Sakkwato. Ɗalibin ilimin duwatsu a Ibadan ko Landan zai haddace waɗannan sunaye don cin jarrabawa, mai yiwuwa bai san cewa garuruwa ne masu liman da mai unguwa da ranar kasuwa ba.

Bayanin da masana suka yi shi ne, a tsakanin shekaru miliyan 72 zuwa 66 da suka shuɗe, wata teku mara zurfi ta malalo daga arewa, ta ratsa inda hamadar Sahara take a yau, ta kwanta a kan sassan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato. Farin dutsen nan na ƙasa lakar bakin teku ne, inda ruwa ke zuwa ya koma. Lakar mai duhu ta kwanta ne lokacin da ruwan ya ƙara zurfi ya rufe ko'ina. Na samanta kuma shaidar janyewar ruwan ne. Wato mai hawan wannan tudu, daga gindi zuwa kai, yana bin zuwan teku ne da zamanta da komawarta, taki bayan taki.

A cikin lakar mai duhu ne dattijon ya tsaya, ya sa bakin sandarsa ya tone wani wuri da ruwa ya zaizaye, ya ɗauko ɗan dutsen nan ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Na jujjuya shi, na ce Baba, wannan fa? Ya ce: "Tun kakanninmu muna ganin su. Ƙasusuwan ruwan Ɗufana na." Na yi masa bayanin abin da abokina ya gaya mini, na miliyoyin shekaru da tekun da ta ratso hamada. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "To ai ruwa dai kac ce, Malam. Ni ma ruwa nic ce." Ban ja da shi ba. Mu biyu mun yarda da abu ɗaya, cewa inda muke tsaye muna haki saboda ƙishi, kifi ya taɓa iyo a wurin, kuma Wanda ya kawo ruwan Shi ya janye shi.

Ba kifi kaɗai ba ne. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, William Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka samo daga lardin Sakkwato, na wata dabbar teku mai jan ciki, dangin guza da damo ta nesa, amma mai filafilai a maimakon ƙafafu. Wajen 1970 wasu masana daga jami'ar Fulorans ta ƙasar Italiya suka zo gundumar Goronyo suka tono ƙarin ƙasusuwa, har da ƙoƙon kai mai dogon baki irin na kada. Da suka ga ta bambanta da 'yan'uwanta da aka sani a duniya, sai Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka ba ta sabon suna a 1972: Goronyosaurus nigeriensis, ma'ana ƙadangaren Goronyo na Nijeriya. Daga baya an sami irinta a Jamhuriyar Nijar. Duk littafin da ya yi maganar waɗannan dabbobi a faɗin duniya sai ya ambaci sunan wannan gari namu na masu albasa. Ƙoƙon kan kuwa yana Fulorans. Yaron da aka haifa a gindin tudun, in yana son ganin abin da aka tono a bayan gidansu, sai ya nemi fasfo da biza. Ban ga laifin waɗanda suka zo suka ɗauka suka adana ba, tun da mu ba mu tanadi ko ɗaki guda don irin wannan ba; na ga dai abin kunya ne a ce har yau babu ko kwaikwayon ƙoƙon a wata makaranta a Goronyo. Na kuma san ni ma na ɗauko nawa na sa a aljihu, don haka ba zan ɗaga murya da yawa ba.

Hawan ƙarshe shi ya fi wuya. Marmara ta farfashe ta zama manyan duwatsu da tsakuwa mai zamewa, sai da hannu da ƙafa. Takalmana sababbi suka fara cizo. Dattijon na gaba, ba ya sauri kuma ba ya tsayawa, lokaci-lokaci ya waigo ya ce, "Sannu, Malam, saura kaɗan," irin kaɗan ɗin mutanen karkara.

Da muka fito sama sai na tarar da abin da ban yi tsammani ba. Na zaci tsini zan gani. Ashe fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, faƙo ja iya ganinka, ba gona, ba bukka, ba babbar bishiya ko ɗaya. Sabara da geza ne jefi-jefi, gajeru, iska ta tanƙwara su duk sun karkata gefe guda. Busasshiyar ciyawa ƙafa-ƙafa, sai kashin awaki, sai sawun wata hanya siririya da kofato ya goge. Iskar hunturu kuwa ba abin da ke tare ta, tana kaɗawa da wani sauti mara yankewa wanda bayan ɗan lokaci kunne ke daina jin sa, sai ka ɗauka shiru ne. Mutumin birni bai san irin wannan shiru ba. Babu janareta, babu babur, babu lasifika. Har bugun zuciyata nake ji. Muka yi fiye da sa'a guda muna tafiya a kan wannan faƙo, ni ina ganin ko'ina iri ɗaya ne, shi kuwa kowane lungu da sunansa a bakinsa: nan ne ruwa ke kwanciya kwana uku bayan an yi sama, nan burtali ya bi ya gangara mashaya, can kura ta taɓa yin rami lokacin da akwai kuraye, wancan kwarin kuma ba a bin sa da damina.

A tsakiyar wannan fili muka haɗu da wani yaro Bafillace, bai fi shekara goma sha biyu ba, da shanu kamar ashirin da 'yan tumaki. Ya rusuna ya gaida dattijon, dattijon ya tambaye shi lafiyar mahaifinsa da sunansa, ya kuma yi masa faɗa a kan wani maraƙi da ke ɗingishi. Yaron ya dube ni da takardata, ya yi murmushi, ya nuna mana inda za mu yanke. Abin bai ɗauki minti biyar ba, ban ma rubuta shi a littafina ba a ranar, don ban ga abin rubutawa a ciki ba. Yanzu shi na fi tunawa a duk tafiyar. A yau in manomi da baƙo suka hango garke a kan wannan tudu, ko yaron ya hango su, kowa zai nemi hanyar da zai sulale.

Ƙololuwar ba wani abin a-zo-a-gani ba ce: ɗan tozo ne a bakin tudun, da tulin duwatsu da makiyaya suka tara har ya kai ƙugu. Rana ta take tsaka lokacin da muka isa. Na tsaya ina jiran in ga duniya a ƙarƙashina, sai hazo ya ce ban isa ba. Fadamar Rima kaɗai ta bayyana, wani dogon zare kore a cikin ƙura, da ɗigo-ɗigon mutane a bakin aikin rani. Bayanta komai ya narke ya zama fari. Na nuna ɓacin raina. Dattijon ya ɗaga sandarsa ya shiga nuna mini abubuwan da ba a gani. Ya nuna yamma maso kudu ya ce ga Wurno can. Ya karkata kudu ya ce Rabah na bayan wancan tudun, garin Sardauna. Ya juya gabas ya ce ga dam. Sannan ya sauke sandar kaɗan zuwa kudu maso gabas ya ce: "Nan kau Gundumi."

Na bi bakin sandar da ido, ina cike gurbin da abin da na karanta. Rabah, inda Abubakar Atiku ɗan Bello ya zauna har aka san shi da Atiku na Rabah kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873, inda kuma aka haifi jikansa Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin garin a 1934. Madatsar ruwa ta Goronyo, da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, wadda birnin Sakkwato da manoman rani ke dogaro da ita, wadda kuma ba a raba sunanta da ambaliyar 2010 da ta ci garuruwa da gonaki ta yanke hanyar jami'a a Sakkwato. Ƙaramar teku ce da mutum ya yi da hannunsa a kan gadon babbar da ta ƙafe. Amma Gundumi ce ta tsaya mini a rai, saboda na san ta a takarda tun ina ɗalibi. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ratsa wannan daji a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Yini guda da dare guda ayarinsu na tafiya ba a sauke kaya ba, don tsoron mahara, sannan ya zo ya yi makonni a Wurno. A ranar da nake tsaye a kan tudun, wannan labari a wurina tarihi ne tsantsa, irin wanda ake ba ɗalibai don su ga yadda duniya ta sauya. Har na ba dattijon labarin ina dariya.

Ruwan gorarmu ya yi ƙasa, sai muka yi taimama da ƙurar marmara muka sallaci Azahar a gefen tulin duwatsun, shi a gaba ni a baya. Muka ci ƙuli-ƙuli da dabino. Na ɗora dutse ɗaya a kan tulin, don na ga ya ɗora. Gangarowa ba ta da labari, in ban da gwiwa da ta yi ta ƙara da ƙafa da ta yi bororo. Mun shiga gari ana kiran Magariba.

Shekara ɗaya da rabi bayan wannan rana, a watan Yulin 2018, 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane gommai, waɗanda suka tsira suka kwarara cikin Gandi. Gandin nan dai da aka kafa don ta zama ribaɗi, ita ce ta koma sansanin 'yan gudun hijira. Ranar 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakar ciniki, aka kashe fiye da mutum 40. Tsakanin waɗannan ranaku biyu da bayansu akwai ɗaruruwan ranaku da ba su shiga jarida ba: an ɗauke mai gida daga gona, an kore shanun noma, an aza wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Hanyar da ta ratsa Gundumi daga Marnona zuwa Isa ta zama wadda direba ke shiga da addu'a a baki, in ma ya yarda ya shiga. Wasu mutanen gabashin Sakkwato sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Labarin Barth da na ba dattijon ina dariya ya dawo ya zama labaran ƙarfe shida.

Wannan ya tilasta mini gyara wani kuskure a tunanina. Mu da muka taso a shekarun 1980 da 1990 mun ɗauka cewa buɗaɗɗiyar hanya da kwanan daji ba fargaba haka Allah ya halicci ƙasar nan, rashin tsaro kuma baƙo ne. Tarihin wannan yanki bai goyi bayan haka ba. Amincin da ya ba malamin jami'a damar yawo a kan tudu da takarda a hannu gina shi aka yi, da garuruwan da aka kafa a bakin daji, da burtalin da aka shata aka kiyaye, da alƙalin da makiyayi da manomi suka yarda da hukuncinsa, da dattijon da ya san sunan mahaifin yaron da ke kiwo. Abin da muke gani yanzu ribaɗi ne a juye. Bello ya kwashi mutane daga tsakiya ya kai su bakin iyaka ya zauna tare da su. Mu kuwa ƙauyukan bakin daji ne ke watsewa suna tururuwa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, masu hali su wuce Sakkwato, manya kuma su leƙo da jerin motoci su yi jaje su koma kafin la'asar. Jami'an tsaro na zuwa, suna kuma rasa rayukansu, ba na raina wannan ko kaɗan. Amma su ma zuwa suke yi su koma.

A sashenmu, kamar sauran sassan da ke da aikin fita, an daina kai ɗalibai gabas. Ban zargi kowa ba. Da ni ne mai sa hannu, ni ma ba zan sa ba. Na kuma san mai karatu zai iya cewa, ana maganar rayuka da gonaki, wane ne ke ta hawan tudu da ƙashin kifi? Gaskiya ne, asarar malami ba ta kai ƙurar asarar wanda aka kashe wa ɗa ba, kuma ba don a tausaya mini na kawo ta ba. Na kawo ta ne saboda abin da ke biye da ita. Ɗaliban da ke gabana yau su ne gobe za su zama jami'an gona da na safiyo da shugabannin ƙananan hukumomi da masu ba gwamna shawara kan tsaro. Za su zauna su tsara inda za a yi burtali da inda za a kafa sansani a ƙasar da ba su taɓa takawa ba, wadda a kunnensu kalmar "daji" ba ta nufin sabara da mashaya da kwarin da ba a bi da damina, tana nufin wurin da ake kai mutum a nemi kuɗin fansa. Ilimin da ke kan dattijon nan ba a rubuce yake ba, ba ya kuma gaduwa a zaure. Sai an bi shi a baya ana tafe yana nunawa da sanda. 'Ya'yansa ba sa bin sa yanzu, don shi ma ba ya zuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutanen da suka fi kowa sanin waɗannan tuddai da kwazazzabai a yau, waɗanda suka san inda ruwa ke kwanciya da inda hanya ke yankewa, su ne masu rataye da bindiga.

Bara tsohon ɗalibin nan nawa ya zo Sakkwato ya biyo ta ofis. Na tambaye shi Baba. Ya ce yana nan da ransa, amma ya bar gonarsa ta gindin tudu, ya dawo cikin gari wurin babban ɗansa, yana taya shi tsintar albasa a ɗaura a buhu. Ya ce ya aiko a gaishe ni, a kuma tambaye ni ko takalman nan sun daina cizo.

Ɗalibin da ya tambaye ni yaushe za a kai su ya sake dawowa bayan kwana biyu. Na buɗe aljihun tebur na ciro takardar abokina, ta yi laushi, jan ƙurar marmara na nan a ninkinta. Ya shimfiɗa ta ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya ɗauki na ƙashin ma, gaba da baya. Ya tambaye ni ta ina aka fi saurin hawa. Na ce in ya wuce gonar gero ta ƙarshe ya bar kwazazzabo na farko, ya shiga na biyu, mai aduwa a bakinsa, in har aduwar na nan.